Na Kai Sauron Garinmu Yawunde

Tun da na dawo daga Kamaru, duk wanda muka haɗu sai ya ce, "Nura, yaya ƙasar take? Me ka gano?" Abokan karatuna a Kano sun tambaya, mutanen garinmu ma sun tambaya. Nakan ce alhamdu lillahi in yi shiru, don dawowata ta haɗu da karɓar gaisuwar mutuwa, bakina bai sake ba. Yanzu da hankali ya ɗan kwanta, ga labarin yadda ya kasance.

Gidanmu a wani ƙauye yake gabas da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona. Ina karatun digiri na uku a Kano, a fannin ƙwayoyin halitta, kuma a kan sauro nake bincike. Mutanenmu sun daɗe suna cewa gidan sauron da ake raba musu ya daina aiki, sauro yakan sauka a kansa ya huta ya tashi lafiya lau. Ni kuma ina so in duba cikin sinadarin gadon sauron, wato abin da yake gada daga iyayensa, wanda ake kira DNA, in ga ko wani abu ne ya canza. Damina guda na yi ina bin ɗakunan mutane da safe, in shimfiɗa farin ƙyalle, in fesa magani, in tsince abin da ya faɗo. Kowane sauro da 'yar kwalbarsa ta roba, da wata farar tsakuwa a ƙasa mai shanye danshi don kada ya ruɓe. Har suna aka sa mini, Sarkin Sauro.

Sai dai shekarar ta zo da wuya. Man fetur ya tashi, naira ta faɗi, kwanon gero ya fi ƙarfin masu noma shi. A ɗakin gwaje-gwajenmu ba wuta, ba man janareta, na'urar da nake buƙata ta lalace, sinadaran aikin kuwa da dala ake sayensu. Malamina ya yi magana da wata abokiyar aikinsa, Dakta Odil, da ke Yawunde babban birnin Kamaru, ta yarda in je in koyi aikin a wurinta na 'yan watanni. Su za su ba ni masauki da kayan aiki, zuwan kuwa nawa ne. Maganar jirgin sama ba ta ma taso ba.

Ranar da zan tafi na sami Baba a gona, ana noman farko. Ya saɓa fartanya a kafaɗa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, ka riƙe salla, ka riƙe abin da ya kai ka. Allah ya tsare hanya." Inna ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake. Yaya Habu, babban wanmu, ya kai ni tashar Ɗanbatta a babur.

Daga Kano na shiga motar Yola. Mu da yawa aka cusa, direba yana ta ba da haƙuri, wai in bai yi haka ba kuɗin mai ba zai fita ba. Akwatin sauron yana kan cinyata, na ƙi yarda a ɗaure shi a saman mota. Wata dattijuwa mai zuwa Numan wurin jikokinta ta daɗe tana kallona, can ta ce, "Ɗan nan, zinare ne a ciki?" Na ce sauro ne. Ta yi salati, ta matsa gefe. Da na bayyana mata matattu ne, kuma na faɗi dalilin, sai ta gyara zama ta matso. Bayan mun wuce Gombe ta ce mini jikarta ta fari zazzaɓi ne ya ɗauke ta, ba ta ko fara tafiya ba. Da za ta sauka ta dafa akwatin ta ce Allah ya ba da sa'a.

Na kwana a Jimeta, a ɗakin wani ɗan ajinmu na sakandare da ke sayar da kayan gyaran babur. Washegari na kama hanyar Mubi, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni iyaka. A ɓangarenmu ba a sha wahala ba. A ɗaya ɓangaren ne wani jami'i ya buɗe akwatin, ya ɗaga kwalba ɗaya yana kallon farar tsakuwar nan, fuskarsa ta canza, kamar yana zargin ƙwaya ce. Takardun izinina da Turanci suke, shi kuwa Faransanci da Fulatanci yake ji. Aka zaunar da ni a benci, rana ta take. Na ga ya kira wani, wanin ya kira wani. A raina ina ta addu'a kada su buɗe kwalaben, don in danshi ya shiga, aikin damina guda ya tafi.

Wani mai canjin kuɗi da ke zaune a gindin bishiya shi ya taso ya yi mana tafinta. Da ya fassara, babbansu ya kusanto da kwalbar idonsa, ya hango sauron kwance a kan auduga. Ya kwashe da dariya har yana buga tebur. Tafintan ya ce, "Wai ya ce namu sauron bai ishe mu ba, sai ka kawo mana na Najeriya?" Aka buga mini hatimi. Na rungumi akwatina na wuce.

Daga nan zuwa Garwa, har Ngaundare, ban ji na bar gida sosai ba. Ga masallatai, ga masu fura, ga gero da dawa a gonaki, kuma ko'ina ka yi Hausa za a sami mai amsa maka. Abin da ya fara nuna mini wata ƙasa nake shi ne burodinsu, dogo kamar sanda, mai tauri, ana maƙale shi a hammata. A Ngaundare na shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwata. Gari ya waye mana a cikin kurmi, bishiyoyi sun rufe sama, a kowace tasha mata suna miƙo ayaba da abarba ta taga. A nan ne na nemi gabas na rasa, sai da wani Bafulatani mai kai shanu kudu ya nuna mini.

A Yawunde na fara sauka a unguwar Hausawa, gidan Alhaji Ɗanjuma, mai sana'ar kilishi, wanda wani ɗan kasuwar Kano ya haɗa ni da shi. Kakansa daga wajen Gezawa ya zo, shi kuwa bai taɓa taka Kano ba. Hausarsa tana gauraye da Faransanci, amma gaisuwarsa irin ta tsofaffinmu ce, sai ya tambayi gida, da gona, da ruwa, da dabbobi, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk Juma'a in zo in ci tuwo, kuma ban taɓa fashi ba.

Cibiyar binciken tana can kan wani tudu. Dakta Odil mace ce gajeruwa mai furfura, ba ta da yawan magana. Ranar farko ta miƙo mini hannu, na dafe ƙirji na sunkuya. Ta dube ni, ta mayar da hannunta aljihun farar rigarta, ta dafe nata ƙirjin, shi ke nan maganar ta wuce. Ta haɗa ni da wani ɗalibinta, Fidelis, daga yankin Kamaru da ake jin Turanci, ta ce shi zai koya mini, kuma ɗaki ɗaya za mu zauna.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wuta. Firinji yana ta gurnani dare da rana ba ya tsayawa. Na biyu kuwa gaisuwa. Mutum zai shigo ya ce kalma ɗaya ya wuce teburinsa. Ni da na saba tsayawa in tambayi kwanan iyali, sai na ga ana duban agogo. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne, daga baya na gane haka suke yi wa junansu ma.

Aikin kansa na haƙuri ne. Za ka ɗauki sauro ɗaya ka niƙe shi a cikin ɗigon ruwan magani, ka juya shi a na'ura, ka wanke, har ya rage wani abu a gindin kwalba da ido ba ya ko gani. Wannan shi ne sinadarin gadon. Sai ka ɗiba da wani abu mai kama da alƙalami, fifet, ka haɗa da wasu sinadarai, ka sa a na'urar da ke yi masa zafi da sanyi, tana ninka ɗan gurbin da kake nema har ya yi yawan da za a iya gani. A ƙarshe ka zuba a wani abu mai kama da daskararren kamu, ka sa masa lantarki, ka duba a ƙarƙashin fitila ta musamman. Layukan da suka fito su za su gaya maka abin da sauron yake ɗauke da shi.

A karatu na san duk wannan, har na koyar da shi a allo. Amma hannuna bai taɓa yi ba. Makonnin farko komai na taɓa sai ya ɓaci. Akwai kwalba ɗaya da ake sa ruwa zalla a ciki don a tabbatar aikin ya yi tsabta, bai kamata ta nuna komai ba. Tawa kullum sai ta nuna layi. Dakta Odil ta zo ta tsaya a bayana tana kallo har na gama. Sannan ta ce, "Kana magana a kan kwalabenka." Ashe bisimilla da nake yi a kan kowace kwalba, da ɗan ƙirgen da nake yi a fili, su ke sa numfashina da abin da ke yawo a iska su faɗa ciki. Ta ce, "Ka yi addu'arka kafin ka buɗe murfi. Allah zai ji." Tun daga ranar kwalbar ruwan ta fito fes.

Abinci kuwa mun sha fama. Akwai wani rogo da ake jiƙawa a naɗe a ganye kamar igiya, bobolo, warinsa kaɗai ya hana ni ci da farko. Akwai miyar shuwaka da gyaɗa, wadda daga baya na so ta ƙwarai. Nama ba na ci sai a gidan Alhaji. Fidelis ya lura, ya daina shigo da abin da ba na ci ɗakin, ban roƙe shi ba. Ranar da na yi mana ɗanwake ya ci ya ce yana da daɗi, amma na ga yadda yake haɗiya da ƙyar.

Fidelis mutum ne mai fara'a a wurin aiki, a ɗaki kuwa sai ya zauna ya zuba wa waya ido. Wata Juma'a muna hanya muka ci karo da jerin motoci sun fito daga asibiti, ana kiɗa da bushe-bushe, mutane sanye da atamfa iri ɗaya, da hoton wani dattijo a ƙirjinsu. Na ce bikin me ake? Ya ce gawa ce aka ɗauko. Ya bayyana mini cewa a wurinsu akan ajiye mamaci a ɗakin sanyi na asibiti makonni, wani lokaci watanni, har dangi na nesa su taru, a shirya, sannan a kai shi garinsu. Na ce, "Mu kam in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an rufe shi. Ajiye shi ai wahalar da shi ne." Muka wuce su, muka yi nisa. Sannan ya ce ƙaninsa ma yana ɗakin sanyi tun kafin in zo. Harsashi ne ya same shi a rikicin da ake yi a yankinsu, yana dawowa daga kasuwa. Mahaifiyarsu ta ce ba za a binne shi ko'ina ba sai kusa da ubansa a ƙauye, hanyar ƙauyen kuwa ba ta biyuwa. Na ce Allah ya ba su haƙuri, na riƙe hannunsa muka ci gaba da tafiya.

Da marka ta kama a gida, aikina ya fara kyau. Layuka suna fitowa sarai, kuma abin da suke nunawa ba mai daɗi ba ne. Mafi yawan sauron garinmu suna ɗauke da wani canji a sinadarin gadonsu da ke taimaka musu su jure maganin da ke jikin gidan sauro. Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba. Nakan kira gida in an sami sabis. Baba ba ya son dogon zance a waya, kullum amsarsa ita ce lafiya lau, gero ya yi kyau, sai dai a jira.

Ba a shiga ɗakin aiki da waya, a akwatin ƙofa muke barinta. Wata rana na fito sallar azahar na tarar Yaya Habu ya yi ta kira. Na kira shi ina tsaye a baranda. Ya ce, "Nura, sai haƙuri. Baba lokaci ya yi, bayan asuba. Yanzu muka dawo daga kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a ƙasa da farar rigar aiki a jikina. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki, ba wanda ya zaci zai kai haka.

Dakta Odil ta ce in tafi, za ta nema mini hanya, aikin zai jira. Na kira Inna da yamma. Muryarta ta dushe amma ba ta rawa. Ta ce, "Ka zo ka yi me? An riga an kai shi. Addu'a daga ko'ina tana isa. Ka gama abin da ya kai ka, sannan ka taho gaba ɗaya." Na ce to.

Fidelis ne ya kasa ɗauka. Ya yi ta maimaitawa, "Ba su jira ka ba? Ba ka ga fuskarsa ba?" Na ce haka addininmu ya ce, kuma haka Baba ma zai so. Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma har yau a kansa nake. Amma a ranar na fahimci mahaifiyar Fidelis. Da za a ce mini Baba yana wani wuri, in je in dube shi sau ɗaya, da na tafi ko da ƙafa.

Alhaji Ɗanjuma ya tara mutane a masallacin unguwarsu aka yi wa Baba addu'a, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, aka raba ƙosai sadaka. 'Yan wurin aikinmu kuma, waɗannan masu gaisuwar kalma ɗaya, suka zo ɗakinmu da yamma suka cika shi, wasu a kan gado wasu a ƙasa. Sun tambayi Fidelis abin da ya dace, ya ce kada a yi waƙa, kada a kawo giya. Suka kawo lemo da gyaɗa, suka zauna shiru tare da ni har magariba. Dakta Odil ma ta zo, ta yafa ɗankwali a kanta.

Na gama aikin kamar yadda Inna ta ce. Ranar da zan taho Fidelis ya raka ni tashar jirgi, har lokacin ba su samu sun kai ƙaninsa gida ba. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. A iyaka na tarar da jami'in nan, ya gane ni, ya tambaya ina sauro. Na ce na bar muku su.

Na iso gida ana girbin gero. Yaya Habu ya kai ni maƙabarta kafin in ko ajiye jaka. Ruwa ya kwantar da kaburburan, ciyawa ta fito, sai da ya ɗan tsaya yana dubawa kafin ya nuna mini. Sababbin kaburbura sun yi yawa a daminar nan, kuma da yawansu gajeru ne. Na durƙusa na yi abin da ya sawwaƙa.

Bayan sallar la'asar dattawa suka tambaye ni a ƙofar masallaci abin da na gano. Na gaya musu gaskiya: sauron ya saba da maganin, amma ragar kanta tana tarewa, don haka kada a daina shiga, a ɗinke duk inda ya yage, yaro in ya yi zafi a kai shi asibiti a ranar. Na ce akwai wani sabon irin gidan sauro da ake haɗa wa magani biyu, kuma zan kai sakamakon inda ya kamata don a san halin da muke ciki. Liman ya ce, "Yaushe za a kawo?" Na ce ban sani ba. Aka yi addu'a aka watse.

Inna tana takaba. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana ciki a kan tabarma. A nan ta gaya mini abin da Yaya Habu bai faɗa a waya ba. Tun da rumbu ya yi ƙasa, Baba ya kama azumin nafila, yau da gobe, wai lada yake nema. Tuwonsa na dare kuwa sai ya ɗan taɓa ya tura wa jikoki. Ta ce, "Na sani, shi ma ya san na sani. Ba mu taɓa yin maganar ba." Da zazzaɓin ya zo, bai sami jikin da zai yi faɗa da shi ba.

Ina nan gida muna ɗaurin gero sai Fidelis ya kira. Hanya ta buɗe, sun kai ƙaninsa, sun binne shi kusa da mahaifinsu. Muryarsa ta yi sauƙi kamar wanda ya sauke kaya. Da na koma ciki Inna ta tambayi wanda ya kira, na ba ta labarin tun daga farko. Da ta ji tsawon lokacin da gawar ta yi a asibiti, ta riƙe baki tana salati. Ta ɗauki carbinta tana ja.

Can ta ce, "Allah sarki. Duk watannin nan baiwar Allahn nan ba ta samu ta zauna ta yi kukanta ba." Ta gyara mayafinta. "Kira shi. Ka ce ya kai wa uwar tasu wayar, in yi mata gaisuwa."

Na ce, "Inna, ba ta jin Hausa."

Ta ce, "Kira dai. Za ta gane."